Rawar ƴan lakwal a Amurka, daga 1940 zuwa 1965

Yau hirarmu za ta kai mu ƙasa mai nisa, bayan teku, wato Amurka. Za mu ga yadda samari da ƴan matan can suke haɗuwa su yi wasa a tsakiyar ƙarni na 20, tun daga 1940 har zuwa 1965.

Wani zai ce: mene ne amfanin labarin rawa? Ku yi haƙuri ku saurara. Akwai tambaya guda da ke damun uwaye ko'ina cikin duniya. Yaro ya tasa, yarinya ta tasa. Dole za su so ganin juna. To, ina za su haɗu? Wa zai sa musu ido? Wa za a bari ya shiga, wa za a tsaida a bakin ƙofa? Mutanen Amurka sun ba da tasu amsa: sun buɗe ma yaransu zauren lakwal. Bari mu ga abin da wannan dabara ta gyara, da abin da ta kasa gyarawa.

Kafin lakwal ta tara su

A wajen shekarar 1900, yawancin yaran Amurka ba su yin dogon karatu. Cikin yara 10 masu shekara 14 zuwa 17, kusan ɗaya ne kawai ke zuwa babbar lakwal, irin wadda muke kira kwaleji da lise. Sauran suna gona, ko masana'anta, ko aikin gida.

A gidajen masu hali, in saurayi yana son yarinya, gidansu yake zuwa. Yarinyar ko uwarta ce ke ba shi izini. Sai a zaunar da shi a ɗakin baƙi, a yi hira, uwa tana kusa tana ji. Amma talakawan manyan birane ba su da ɗakin baƙi. Iyali guda suna cushe cikin ɗaki biyu. Saboda haka ƴaƴansu sai su fita waje. Suna zuwa gidajen rawa na ƴan kasuwa, inda ake biyan kuɗin shiga, ana kuma saida giya. Mai gidan rawa riba yake nema. Tarbiyyar ɗiyar wani ba ta dame shi ba.

Wata mata mai suna Jane Addams ta ga wannan hali a birnin Shikago. A 1889 ta buɗe gidan taimakon talakawa a wata unguwar baƙi. A 1909 ta rubuta littafi a kan matasa da titunan birni. Abin da ta nuna shi ne: son wasa halin ƙuruciya ne, ba a iya kashe shi. In hukumar gari ba ta tanadi wurin wasa mai tsabta ba, ƴan kasuwa za su tanadi nasu. Ku riƙe wannan magana, don ita ce tushen duk abin da ya biyo baya.

Lakwal ta cika da matasa

A 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye. Bankuna suka rufe, masana'antu suka kori ma'aikata. A 1933, cikin ma'aikata 4 ɗaya ba shi da aiki. In magidanci bai samu aiki ba, ina yaro zai samu? Sai yara suka zauna lakwal. A 1938 kuma gwamnati ta yi doka ta hana ɗaukar yaran da ba su kai shekara 16 ba a masana'antu. Kafin 1940, cikin yara 10 masu shekara 14 zuwa 17, fiye da 7 suna babbar lakwal.

Ku duba wannan canji. Da, yaro mai shekara 15 yana wuni tare da manya a wurin aiki. Yanzu yana wuni tare da tsaransa, ɗaruruwa, maza da mata, kwana 5 cikin sati. Suka fara sa tufafi iri ɗaya. Suka fara son kiɗa iri ɗaya. Suka ƙago kalmomin da uwayensu ba su ganewa.

Har suna aka ba su. A Ingilishi, lambobi daga 13 zuwa 19 duka suna ƙarewa da sautin "tin". Daga nan aka samo kalmar "tineja", wato wanda ya wuce yaro amma bai zama babba ba. Kalmar ta bazu cikin shekarun 1940. A 1944 aka fara buga wata mujalla mai suna Seventeen, ma'ana sha bakwai, domin ƴan mata masu waɗannan shekaru kawai.

Lokacin yaƙi

A Disamba 1941 Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu. Mutum wajen miliyon 16 suka sa kayan soja. Uba ya tafi fagen daga. Uwa ta shiga masana'antar kayan yaƙi. Yara da yawa suna komowa daga lakwal su tarar da gida ba kowa. Jaridu suka cika da labarin yara masu sata da yawon dare. Hankalin magabata ya tashi.

Wani abu kuma ya ƙara tada shi. A Oktoba 1944, wani mawaƙi mai suna Frank Sinatra ya yi wasa a birnin Niyok. Ƴan mata dubbai suka toshe titi don su gan shi, har sai da aka kawo ƴan sanda. Galibinsu suna sanye da gajeruwar farar safa, wadda ita ce yayin ƴan lakwal a lokacin.

Sai garuruwa da yawa suka tuna da shawarar Jane Addams. Suka buɗe gidajen matasa. Wani wuri tsohon kanti ne aka share, wani wuri ɗaki ne a ƙarƙashin coci. Ba giya, sai lemu da Coca-Cola. Matasa ne ke zaɓen shugabanninsu, su ne ke shara, su ne ke karɓar kuɗin kati. Amma kullum akwai babba guda ko biyu zaune a gefe. A tsakiyar ɗakin kuma akwai akwatin waƙa. Wannan akwati babba ne, cike da faya-fayai. Ka jefa santi 5, ka danna waƙar da kake so, sai ta tashi. Santi 100 ne dalar Amurka guda. Kada ku haɗa ta da dalarmu ta nan, ba ɗaya suke ba.

Rawar safa

Wuri mafi girma a kowace lakwal shi ne zauren motsa jiki, inda ake buga ƙwallon kwando. Daɓen zauren na katako ne, an goge shi an shafa masa mai yana ƙyalli. Takalman zamanin masu ƙasan fata mai tauri ne, suna karce katako. Sai diraktocin lakwal suka ce: mun yarda ku yi rawa a nan, amma kowa ya tuɓe takalmi. Ana tara takalma a bakin ƙofa, a shiga da safa. Shi ya sa aka kira wannan wasa rawar safa. Ta fara cikin shekarun yaƙi, ta yi ƙarfi ƙwarai cikin shekarun 1950.

Ga yadda dare guda yake tafiya. Galibi daren Juma'a ne, bayan wasan ƙwallo. Da marece ƴan lakwal su yi ma zauren ado da takardu masu launi. Kuɗin shiga kaɗan ne. Ba a bukatar tufafin biki. Ba dole ba ne ka zo da abokiyar rawa. Da farko samari su jeru jikin bango guda, ƴan mata su jeru jikin ɗayan, kowa yana jin kunya. Can sai wani mai ƙarfin hali ya ratsa fili ya roƙi wata su yi rawa. In ta ƙi, zai komo gaban idon kowa. Yarinyar da ba wanda ya roƙa kuwa, tana iya kwashe dare tana tsaye. Al'adar ba ta yarda ta fara magana ba, sai a wata rawa ta musamman, sau ɗaya a shekara, inda mata ne ke gayyatar maza.

Malamai da wasu uwaye suna tsaye a gefe. Aikinsu sa ido. In biyu sun matsu da juna da yawa, sai malama ta zo ta raba su. In an ji warin giya a bakin yaro, sai a fitar da shi. Wanda ya fita ba ya komowa. Kafin tsakar dare an kunna fitilu duka, kowa ya nemi takalminsa.

Kun ga cinikin da aka ƙulla ke nan. Manya sun ba da wuri, da fitila, da izini. Yara sun yarda a sa musu ido. Kowane ɓangare ya samu wani abu, kowane ya saki wani abu. Har silima ake nuna musu cikin aji, mai koya yadda saurayi zai gayyaci yarinya da ladabi, da lokacin da ya kamata ya maida ta gida.

Ba kowa ya yarda da wannan ciniki ba. Wasu coci-coci sun ɗauki rawar namiji da mace zunubi. A wani ƙaramin gari mai suna Elmore City, cikin jihar Okalahoma, dokar gari ta hana rawa a bainar jama'a, sai a 1980 ƴan lakwal suka samu izinin yin bikinsu na farko.

Babban bikin ƙarshen shekara

Ban da rawar safa, akwai babban biki sau ɗaya a shekara, na ƴan ajin ƙarshe. Sunansa furom. Ya samo asali daga jami'o'in masu kuɗi a ƙarshen ƙarni na 19. Cikin shekarun 1920 da 1930 ya sauko manyan lakwal na gwamnati. Manufar malamai ita ce ɗan talaka ma ya koyi zaman taro irin na manya.

A nan ba a zuwa da safa. Saurayi ya yi hayar baƙar kwat, ya ɗaura karabat. Ya sayo fure ya kai ma yarinyar, ta maƙala a riga ko a hannu. Ita kuma ta sa doguwar riga. Ya je gidansu ya gaida uwayenta, a ɗauki hoto, a gaya masa lokacin komowa. A wurin biki a zaɓi sarki da sarauniya na dare guda.

Bayan yaƙi kuɗi sun yawaita a Amurka. Lakwal da yawa suka bar zaurensu suka koma manyan otel. Biki ya yi tsada: riga, fure, mota, abinci. Sai aka fara ganin bambanci. Ɗan mai kuɗi ya zo da mota mai ƙyalli. Wata yarinya uwarta ta kwana tana ɗinka mata riga a keke. Wani ya ce ba shi da lafiya, alhali kuɗin ne babu. Wannan ita ce ƙofa ta farko da aka rufe ma wasu: ƙofar kuɗi.

Ƴan kasuwa kuwa sun gane inda riba take. A 1959 mujallar Life ta ƙiyasta cewa matasan Amurka suna kashe dalar Amurka miliyar 10 a shekara, wajen tufafi, faya-fayai, kayan shafa, abinci da silima.

Kiɗa ya sake

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Haka ta faru.

Tun farko, rawar da matasan Amurka suka fi so daga baƙar fata ta fito. A 1926 aka buɗe wani babban gidan rawa mai suna Savoy a unguwar Halem ta Niyok. Can aka ƙago rawa mai sauri, mai juyi da tsalle, wadda ƴan lakwal farar fata suka kwaikwaya cikin shekarun 1930 da 1940.

Bayan yaƙi, sababbin kaya suka fito. A 1949 kamfanin RCA ya fito da ƙaramin faifai mai arha, waƙa guda a kowane gefe. Yaro yana iya sayensa da kuɗin aljihunsa. A 1954 aka fara saida ƙaramar rediyo mai batir, wadda ake riƙewa a hannu. Da, rediyo guda ce a gida, uba ne ke murɗa ta. Yanzu yaro yana ɗakinsa yana jin abin da ya ga dama.

Abin da ya ga dama kuwa shi ne kiɗan baƙar fata. A 1951 wani mai gabatar da shiri a rediyon birnin Kilibilan, Alan Freed, ya fara sa faya-fayan mawaƙa baƙaƙe da dare. Shi ya yaɗa sunan rok-an-rol. Ran 21 ga Maris 1952 ya shirya babbar rawa a wani zaure mai ɗaukar mutum wajen 10.000. Waɗanda suka zo sun kusan ninka haka. Aka karya ƙofofi, hukuma ta tsaida wasan tun bai yi nisa ba. Daga nan sunayen Fats Domino, Chuck Berry da Little Richard suka shiga kowane gari. A Satumba 1956 wani saurayi farar fata, Elvis Presley, ya yi irin wannan waƙa a telebijin, mutum wajen miliyon 60 suka kalle shi.

Manya da yawa suka firgita. A Yuni 1956, a garin Santa Kuruz na jihar Kalifoniya, ƴan sanda suka shiga wata rawar matasa suka tsaida ta. Washegari hukumar gari ta hana rok-an-rol a taron jama'a. Hanin bai daɗe ba. Wasu lakwal suka riƙa tace faya-fayan da za a sa. Amma yaran suna da rediyonsu. Abin da aka hana a zaure, suna jin shi a ƙarƙashin matashin kai.

Rawa ta shiga telebijin

A 1952 wata tashar telebijin ta birnin Filadelfiya ta fara wani shiri mai sauƙi. Bayan an tashi daga lakwal, yara su zo tashar, a sa faifai, su yi rawa, a nuna su. A 1956 wani saurayi mai fara'a, Dick Clark, ya karɓi shirin. Ran 5 ga Agusta 1957 aka fara nuna shi a duk faɗin ƙasar, da sunan American Bandstand.

Dick Clark ya san tsoron uwaye. Ya tsaya a kan doka: samari su sa kwat da karabat, ƴan mata su sa siket. Uwa ta leƙo ta ga yara masu tsabta, sai hankalinta ya kwanta. Yara miliyoyi kuwa suna gaban telebijin kowane la'asar suna koyon taku. Rawar da aka yi a Filadelfiya ran Litinin, ran Juma'a ana yin ta a zauren lakwal na ƙauye mai nisan kilomita dubbai.

Ƙofar da aka fi tsarewa

Yanzu mun zo ga magana mafi nauyi. A jihohin kudancin Amurka, doka ta raba lakwal: ta farar fata daban, ta baƙar fata daban. Kowace da rawarta. Baƙaƙen yara suna da nasu bukukuwa, a lakwal ɗinsu da coci-cocinsu, kuma yawancin sababbin raye-raye a can suke fitowa. A 1954 kotun ƙoli ta ce raba lakwal ya saɓa ma tsarin mulkin ƙasa. Masu adawa da hukuncin ba aji kaɗai suke tsoro ba. Babban tsoronsu shi ne baƙin yaro ya riƙe hannun farar yarinya a filin rawa, daga nan a kai ga aure. A jihohi da yawa irin wannan aure laifi ne a lokacin, sai a 1967 kotun ƙoli ta soke dokar.

Ga misalai. A 1957, yara baƙaƙe 9 suka shiga babbar lakwal ta garin Litil Rok, jihar Akansas. Sai da shugaban ƙasa Eisenhower ya aiko soja suka raka su. An ba su aji, amma an hana su shiga wasanni da ƙungiyoyin lakwal. A shekarar nan dai, Alan Freed yana da shiri a telebijin. Wani mawaƙi baƙi, Frankie Lymon, yaro matashi, ya yi rawa da wata farar yarinya a cikin shirin. Tashoshin kudu suka yi ca, aka soke shirin.

A birnin Baltimo akwai shirin rawa na Buddy Deane, daga 1957. Farar fata ne ke rawa kullum, baƙaƙe an ware musu rana guda a wata. A 1963 wasu matasa, farare da baƙaƙe, suka haɗa baki suka hau fili tare ana cikin nunawa. Tashar ta gwammace ta rufe shirin a Janairu 1964 da ta haɗa su.

American Bandstand fa? Mawaƙa baƙaƙe suna hawa dandamalinsa. Amma a 2012 wani masanin tarihi, Matthew Delmont, ya nuna cewa duk zaman shirin a Filadelfiya, har zuwa 1964, da wuya a bar baƙaƙen yara su shiga filin rawar. Ana tsaida su da dabarar katin shiga. An karɓi kiɗansu, an karɓi takunsu, an bar su a waje. Sai a 1971 aka fara nuna wani shiri a duk ƙasar, Soul Train, wanda baƙar fata Don Cornelius ya ƙago a Shikago, inda baƙaƙen matasa ne masu fili.

Kada ku zaci abin ya ƙare da wuri. Lokacin da aka haɗa lakwal ɗin kudu, wasu suka daina shirya furom gaba ɗaya. Sai uwaye suka riƙa shirya biyu a waje, kowane launi da nasa. A garin Calston na jihar Misisipi, ɗan wasan silima Morgan Freeman ya ce zai biya kuɗin biki in za a yi guda ɗaya. A 1997 aka ƙi. Sai a 2008 aka yarda. A gundumar Wilkos ta jihar Jojiya, sai a 2013 ƴan lakwal da kansu suka tara kuɗi suka yi bikin haɗin gwiwa na farko. Shekara 59 ke nan bayan hukuncin kotu.

Mota ta kai su inda ido ba ya kaiwa

Akwai abin da malamai ba su iya tsarewa: bayan an tashi daga rawa. Cikin shekarun 1950 iyalai da yawa sun sayi mota, kuma a yawancin jihohi ɗan shekara 16 yana iya samun izinin tuƙi. Aka gina silima ta fili, inda ake kallo daga cikin mota. An buɗe ta farko a 1933. A 1958 sun kai wajen 4.000. A cikin mota ba malama, ba uwa.

Al'adar neman aure ma ta sake. Kafin yaƙi, yarinyar da ake yabo ita ce wadda samari da yawa suka yi rawa da ita a dare guda. Bayan yaƙi, yayi ya koma ga tsaida mutum ɗaya tun ana shekara 15 ko 16. Saurayi ya ba yarinya zoben lakwal ɗinsa, ta rataya a wuya, kowa ya san an kama. Malaman cocin Katolika da uwaye da yawa sun yi faɗa da wannan, don sun ga inda zai kai.

Ga abin da ƙidaya ta nuna. A 1956, rabin matan Amurka suna yin auren fari da shekara 20 ko ƙasa da haka. Yau sai wajen shekara 28. A 1957, cikin ƴan mata 1.000 masu shekara 15 zuwa 19, 96 sun haihu. Ba a taɓa kai wannan adadi ba, kafin nan ko bayan nan. Galibinsu da aure, amma aure da yawa na gaggawa ne. Wadda ta yi ciki ba aure, ana korar ta daga lakwal. Sau da yawa a kai ta wani gida a ɓoye, ta haihu, a ba wasu jaririn. Saurayin kuwa ya ci gaba da karatunsa. Sai a 1972 doka ta hana korar yarinya daga lakwal saboda ciki. An yi rawa tare, amma mace ce ta ɗauki kayan ita kaɗai.

Tuwis, da ƙarshen zamanin

A 1960 wani saurayi baƙar fata ɗan Filadelfiya, Chubby Checker, ya shahara da rawar tuwis. A wannan rawa ba a riƙe juna. Kowa ya tsaya a wurinsa yana murza ƙugu da ƙafa. Ba sai ka koyi taku ba, ba sai wani ya ja ka ba. Yarinya ba ta bukatar jiran mai roƙo a jikin bango. Takalmin roba kuma ya yawaita, ba ya karce daɓe, sai tuɓe takalmi ya daina. Cikin shekarun 1960 matasa suka koma manyan tarukan kiɗa, inda ba malami ko ɗaya. Rawar safa ta zama labarin da. Furom dai yana nan har yau.

Tuwis ya ƙetare teku cikin faya-fayai da silima. A shekarun farko na ƴancin kai ya iso biranen Afirka ta yamma. A Bamako, mai ɗaukar hoto Malick Sidibé ya bi bal ɗin matasa dare da dare yana ɗaukar su. A Yamai, Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki. Wanda ya dubi hotunansu zai ga samari da matsattsen wando, da ƴan mata, da faifai a hannu. Jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙago kiɗan, ga shi ya komo gida cikin sabuwar riga.

Abin da za mu riƙe

Na farko: da aka tara matasa wuri guda, dole suka nemi wurin wasa. Inda manya suka buɗe zaure, an samu wasa a cikin haske, ba giya, da lokacin tashi. Inda aka hana, wasan bai mutu ba. Ya koma cikin duhu.

Na biyu: sa ido na dare guda bai isa ba. Malama tana iya raba biyu a filin rawa, ba ta iya bin mota. Abin da aka koya ma yaro a gida shi ne ke bin shi can.

Na uku: in kuna son sanin halin gari, ku dubi bakin ƙofar wurin wasansa. A Amurka an tsaida wasu saboda talauci, an tsaida wasu saboda launin fata. Doka ta haɗa aji a 1954, amma a wasu garuruwa sai da yara suka tashi da kansu, bayan fiye da shekara 50, kafin a haɗa filin rawa.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna tsakaninku. Me ya sa ake tuɓe takalmi a rawar ƴan lakwal? Me ya sa haɗa filin rawa ya fi haɗa aji wuya? A garinku ko unguwarku, ina samari da ƴan mata suke haɗuwa yau, kuma wa ke sa musu ido?

A nan za mu tsaya.